Bayan An Rufe Littafin, Wa Ake Tsoro?

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da kasuwarsa ta buɗe sosai a 'yan shekarun nan. Marubuci zai ɗauki mai karatu ya cilla shi shekara talatin ko hamsin gaba, ya dire shi a duniyar da sama ta riƙe ruwanta, koguna suka ƙafe, famfo ya daina ko da tari. A can gwamnati ko dai ta mutu, ko ta zama 'yar amshin shatan wani kamfani. Masu hannu da shuni sun kewaye kansu da katanga da karnuka da masu gadi, sauran jama'a kuwa na gararamba a kan titi, jarka a hannu, wuƙa a ƙugu. Marubutan daga ƙasashe daban-daban suke, kowa da salonsa, amma ƙashin bayan labarin kusan ɗaya ne. Ruwa ya ƙare, mutunci ya bi shi.

Na fi son sauraron masu karanta waɗannan littattafai a kan masu rubuta su, domin a bakin mai karatu ake gane abin da littafi ya shuka. Wani zai ce maka barci ya gagare shi, tsakar dare ya tashi ya kwankwaɗi ruwa ba don yana jin ƙishirwa ba, kuma tun ranar ba ya barin famfo na zuba idan yana goge baki. Wata za ta ce a tsakiya ta ajiye littafin, labaran da take ji kullum sun ishe ta tashin hankali, ba sai ta sa kuɗinta ta sayo ƙari ba. Wani rantsuwa zai yi maka cewa marubucin ɗan duba ne. Wani kuma, shi ne ya fi damuna, murya zai rage ya gaya maka ya fara lissafin girman tankin da zai saya, da tsawon da zai ƙara wa katanga, da garin da ya kamata ya kwashe iyalinsa ya koma tun mutane ba su farga ba.

Ban ga laifin labari don ya tsorata mutum ba. Maganar ruwa abin tsoro ce, duk wanda ya san halin da ake ciki kuma ya ce ko a jikinsa, to a binciki lafiyarsa. Abin dubawa shi ne inda tsoron ke sauka. Yawancin waɗannan labarai suna sauke shi ne a kan mutumin da ya zo bakin ƙofa da jarkar da babu komai a cikinta. Shi ne haɗarin, shi za a tare. Wanda ya sa hannu a takardar da ta karkatar da kogi, da waɗanda suka zauna a ofis suka raba ruwan da babu shi, in ma an nuno su, ana nuno su ne a matsayin dodannin da ba a iya komai da su. Sai mai karatu ya tashi da darasi guda, wato kowa tasa ta fisshe shi. Ni a ganina wannan darasi ƙarya ne game da yadda ƙarancin ruwa ke samuwa da yadda mutane ke yi idan ya same su, kuma ƙarya ce mai ɓarna.

Bari in fara da masu cewa marubuci ɗan duba ne, don maganarsu ba ta rasa tushe ba. A 1993 marubuciyar nan 'yar Amurka, Octavia Butler, ta fitar da Parable of the Sower, labarin da ya fara a shekarar 2024 a kusa da Los Angeles, inda gobara ta zama ruwan dare, ruwan sha kuma ya fi fetur tsada. Butler ta rasu a 2006. Sai a 2020, ana tsakiyar annobar korona, littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times. A Janairun 2025 kuma wutar daji ta cinye wani babban ɓangare na Altadena, garin da kabarinta yake. Dole mutane su riƙe baki. Amma ita da kanta ta sha bayyana cewa ba gaibu ta leƙa ba, matsalolin da ake kawar da kai daga gare su ta duba, ta ba su kimanin shekara talatin su girma. Bambancin yana da girma. Idan abin da ke cikin littafi duba ne, sai a naɗe hannu a jira shi, tunda ba a ja da abin da aka riga aka rubuta. Idan kuwa lissafi ne na inda sakaci zai kai mu, to akwai wanda ke yin sakacin, yana da suna da ofis, ana iya zuwa a same shi. Mai karatun da ya tsaya a “wallahi kamar ta sani” ya yabi marubuciyar, amma ya zubar da abin da ta miƙo masa.

An yi ƙoƙarin auna abin da irin waɗannan labarai ke yi wa mutane, ba a bar shi a zato ba. Wani malamin jami'a mai suna Matthew Schneider-Mayerson ya wallafa bincike a 2018 bayan ya tambayi Amurkawa 161 da suka karanta ƙagaggun labaran sauyin yanayi. Abu na farko da ya gano ba zai yi wa marubuta daɗi ba: masu karanta su dama can sun fi sauran jama'a damuwa da batun. Wato wa'azi ake yi wa waɗanda suka riga suka tuba. Na biyu, da yawa sun ce labaran sun sa abin da suke ji daga nesa ya matso kusa, ya zama mai fuska da suna, sai dai abin da ya biyo baya yawanci baƙin ciki ne da sarewar gwiwa. A 2020 shi da wasu abokan aiki suka yi gwaji, aka ba mutane gajerun labarai biyu suka karanta. Ra'ayinsu ya ɗan motsa nan take. Da aka koma musu bayan wata guda, motsin ya kwanta, kamar ba a yi ba. Wanda ya daina barin famfo a buɗe, a sake tambayarsa bayan wata ɗaya.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya yi a kan masu karanta The Water Knife, littafin Paolo Bacigalupi na 2015. Labarin yana faruwa ne a kudu maso yammacin Amurka bayan Kogin Colorado ya yi ƙasa. Las Vegas na da 'yan ta'addar da take turawa su datse wa wasu garuruwa ruwa, Phoenix na mutuwa a tsaye, jihohi sun rufe iyakokinsu, mutanen Texas sun zama 'yan gudun hijirar da kowa ke ƙyama. Babu shakka marubucin so yake a ga zalunci, kuma wasu masu karatun sun gan shi, sun tausaya. Amma binciken ya nuna cewa zanen mutanen da wahala ta sa suna cin naman juna yana iya juyewa ya haifar da akasin abin da ake so. Maimakon tausayin masu gudun fari, sai wasu suka fita da tsoronsu, da tunanin cewa idan rana ta ɓaci kada ka yarda da kowa. Kuma waɗannan mutane ne da dama can suke ganin kansu masu kishin talaka. An je neman tausayi an dawo da kwaɗon ƙofa.

To, mu ajiye littafi mu dubi abin da ya faru da wani babban birni da ya kusa kaiwa inda labaran ke farawa. Cape Town ta Afirka ta Kudu ta yi shekara uku a jere, daga 2015, damina ba ta yin kyau. Zuwa farkon 2018 hukumar birnin ta sanar da abin da ta kira Ranar Sifili, ranar da ruwan madatsun zai sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, a rufe famfunan gidaje, mutum kusan miliyan huɗu su koma bin layi a wurare kimanin 200, kowa ya karɓi lita 25 a rana, jami'an tsaro na tsaye a kansu. An ma sa rana a watan Afrilu. Duk marubucin da aka ba wannan mafari, mun san babi na biyu da zai rubuta.

Abin da ya faru daban ne. Daga 1 ga Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, na sha da girki da wanka da wanki da bayan gida duk a ciki. Mutane suka riƙa tsayawa a cikin baho idan za su yi wanka, ruwan da ya taru a kwashe a bokiti a kai bayan gida. Wanka ya koma na minti biyu, har mawaƙa suka taƙaita waƙoƙinsu zuwa minti biyu don mai wanka ya san lokacin rufe famfo. Ana bin layi da jarkoki a maɓuɓɓugar Newlands tun da asuba, an ɗan yi cacar baki da ba-ta-kashi nan da can, ba za a rasa ba. Hukuma ta rage ƙarfin ruwa a bututu, ta bi inda ke yoyo tana toshewa, ta sa taswira a intanet inda kowa ke iya ganin gidajen da ke kiyaye ƙa'ida. An zaftare wa manoma kasonsu sosai, dubban ma'aikatan gona suka rasa aiki, duk da haka wata ƙungiyar manoman yankin Grabouw ta saki wa birnin ruwa kimanin lita biliyan 10 daga nasu madatsun. Ruwan da birnin ke sha a rana ya sauko daga kusan lita biliyan 1.2 a 2015 zuwa miliyan 500 da ɗoriya. Aka yi ta ɗage Ranar Sifili har damina ta sauka, ranar ba ta zo ba. Babu wanda ya ƙone birnin. Jama'a sun yi gunaguni, sun zagi 'yan siyasa, sun ɗauki bokiti.

Kada a ɗauka ina cewa komai ya tafi daidai. A nan ne ma gizo ke saƙar. Wani bincike da mujallar Nature Sustainability ta wallafa a 2023 ya nuna cewa masu kuɗi da manyan masu matsakaicin hali na Cape Town, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na mazauna birnin ba, su ke shan fiye da rabin ruwansa, da yawa daga ciki a wuraren ninƙaya da lambunan ado. Talakawa da mazauna unguwannin kwano, su fiye da kashi 60 cikin 100, kasonsu bai wuce kashi 27 ba. Da fari ya tsananta, mai hali ya kira masu haƙa rijiyar burtsatse ya raba gari da bututun gwamnati, ya ci gaba da zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda na kowa ne. Matar da ke Khayelitsha, wata unguwar talakawa a gefen birnin, kuwa, da aka ce za a koma bin layi da lita 25, ba sabon abu aka gaya mata ba, tun fil azal a famfon unguwa take ɗiba. Idan akwai wanda ya kusa ƙarar da ruwan birnin, ba mai jarka ba ne. Labaran baƙar gobe suna zana katangar mai kuɗi a matsayin mafakar da ya gina bayan ruwa ya ƙare. Alƙaluman nan suna cewa abin da ke bayan katangar na cikin dalilan ƙarewarsa.

Haka abin yake a ainihin Kogin Colorado da Bacigalupi ya ɗora labarinsa a kai. A 1922 wakilan jihohin Amurka bakwai suka zauna ƙarƙashin jagorancin Herbert Hoover, wani babban jami'in gwamnatin tarayya a lokacin, suka raba ruwan kogin a takarda. Lissafinsu ya dogara ne a kan wasu shekaru da aka samu ruwa fiye da yadda aka saba, kuma tun a wancan zamani wani masanin ruwa na gwamnati, Eugene LaRue, ya yi gargaɗin cewa kogin ba shi da abin da ake shirin rabawa. Ba a saurare shi ba, domin gaskiyarsa za ta rage wa kowa kaso. Shekara ɗari ke nan ana bin kogi bashin abin da bai taɓa mallaka ba, mutum kimanin miliyan 40 sun rataya a wuyansa, ga ɗumamar yanayi ta zo tana rage ɗan abin da ke akwai. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karon farko. A 2022 Tafkin Mead, babbar matattarar ruwan kogin, ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin 100, har gawar wani da aka cusa a ganga shekaru da dama ta bayyana a gaɓa. Masu karatu suka yi ca, ga littafi ya tabbata. Gawa a ganga ta fi daɗin labari, shi ya sa ba a cika jin ɗayan zancen ba: a daidai wannan lokaci, kamfanin Fondomonte, reshen kamfanin madarar Almarai na Saudiyya, yana zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa a hamadar Arizona ba tare da ƙayyadewa ba, yana noma ciyawar shanu ana lodawa a jirgin ruwa, saboda Saudiyya ta hana irin wannan noma a gida don ta adana nata ruwan. Kuma da izinin hukuma yake yi, da takardar haya. Sai a Oktoban 2023 gwamnar jihar, Katie Hobbs, ta soke wata hayar ta kuma ƙi sabunta wasu. Ba bindiga ce ta kawo wannan ba, 'yan jarida ne da masu ƙorafi da zaɓe.

A duniya baki ɗaya, kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa noma yake tafiya. Don haka wace shuka za a yi, a ina, don wa, ita ce babbar maganar ruwa, ba buroshin goge baki ba. Tekun Aral na tsakiyar Asiya, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, ba fari ne ya kashe shi ba. Tun daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga, jiragen kamun kifi suka wayi gari a kan rairayi. Da Kazakhstan ta kammala wata madatsa a 2005, ɓangaren arewa ya fara dawowa, kifi ya dawo. Hannun da ya ɓata shi ne ya ɗan gyara.

Sai maganar yaƙin ruwa, wadda ita ce gishirin duk waɗannan labarai. Tun 1995 wani mataimakin shugaban Bankin Duniya, Ismail Serageldin, ya ce yaƙe-yaƙen ƙarni mai zuwa a kan ruwa za a yi su, kuma har yau ana maimaita zancen kamar karatun allo. Amma da Aaron Wolf na Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinsa suka bi diddigin mu'amala 1,831 da aka yi tsakanin ƙasashe a kan ruwa cikin kusan shekara 50, sai suka tarar kimanin kashi biyu cikin uku haɗin kai ne, waɗanda aka kai ga amfani da makami 37 ne kacal. Yaƙin da Wolf ya yarda cewa tsantsar ruwa ce ta haddasa shi tsakanin ƙasa da ƙasa, sai da ya koma baya shekara kusan 4,500, zuwa biranen Lagash da Umma a inda Iraƙi take a yau. Indiya da Pakistan sun sa hannu a yarjejeniyar Kogin Indus a 1960, suka gwabza yaƙi a 1965 da 1971, suka sake arangama a 1999, a duk lokutan nan yarjejeniyar ba ta karye ba. Ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna ma sukan tura injiniyoyinsu su zauna a kan maganar kogi, saboda kowa ya san ba a ɗaukar kogi a kai a gudu da shi.

Na san abin da za a mayar mini, kuma mai mayarwar yana da gaskiya. A Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine waccan yarjejeniya bayan wani hari a Kashmir. Masar da Habasha sun yi fiye da shekara goma suna zaman doya da manja a kan babbar madatsar da aka gina a Kogin Nilu. Mayaƙan IS sun ƙwace madatsar Mosul a 2014, an fasa ta Kakhovka a Yukren a 2023. A ƙasa kuma, tsakanin ƙauye da ƙauye, tsakanin mai gona da mai garke, ana zubar da jini a kan mashaya a wurare da dama, kuma lissafin Wolf bai shafi wannan ba. Abin da ya faru jiya bai zama tabbacin gobe ba, musamman ga shi zafi na ƙaruwa. Ban ce ba za a yi faɗa ba. Cewa nake faɗan ba shi ne abin da mutane suka fi yi ba, kuma inda aka yi shi, in ka tona za ka samu hukumar da ta yi barci, ko dokar da ta fifita wani, ko wanda ke cin riba da rikicin. Littafin da ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye wurin wuƙa ya yanke wa kansa hukuncin cewa haka ɗan Adam yake, ya kuma sayar wa mai karatu hukuncin a matsayin jarumtar faɗin gaskiya.

Akwai wani mai karatu da ban ambata ba a farko, domin ba a cika jin muryarsa ba. Shi dariya yake yi. Ya karanta babin da jarumar labari ta yi tafiyar sa'o'i don ta samo ruwa mai laka, marubuci ya zuba duk fasaharsa don a ji abin ya yi muni, shi kuwa sai ya ga ai ranar mahaifiyarsa ce aka kwatanta, aka ce wai shekara hamsin nan gaba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2025 ya ce mutum biliyan 2.1, wato ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya, ba su da tsaftataccen ruwan sha da za su dogara da shi a inda suke zaune. UNICEF ta taɓa ƙiyasta cewa mata da 'yan mata na kashe sa'o'i miliyan 200 kowace rana wajen ɗibar ruwa. A Yunin 2019 manyan madatsu huɗu na birnin Chennai a Indiya suka kusa ƙafewa ƙaf, gidajen abinci suka rufe, kamfanoni suka ce ma'aikata su zauna a gida, mata suka jera tulunan roba masu launi suna kwana a layin tankar ruwa, har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa, lita miliyan 2.5 a kowane zuwa. Birnin nan kuwa shi ne ambaliya ta shanye a 2015, bayan an yi shekaru ana cike fadamun da ke riƙe masa ruwa ana gina benaye a kai. Abin da ake kira baƙar gobe a waɗannan littattafai, sau da yawa ma'anarsa ita ce ranar da abin da ke samun wasu zai fara samun irin mutanen da ke sayen littafin. Mai dariyar nan ya san wani abu kuma da marubucin bai sani ba. Ya san cewa a layin ruwa ana riƙe wa maƙwabciya wuri, ana barin tsohuwa ta wuce gaba, ana ranta wa mai jego jarka guda. Da ƙishirwa na mayar da mutane kuraye kamar yadda ake rubutawa, da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya sun daɗe da cinye juna.

Ina yi wa marubutan uzuri ta wani gefen. Labari na son rikici, kuma taron kwamitin rabon ruwa ba ya hana kowa barci. Amma ban yarda cewa babu labari a wurin ba, ƙarancin haƙurin nemansa ne. A birnin Valencia na Sifaniya, duk ranar Alhamis da ƙarfe 12 na rana, manoma takwas sanye da baƙaƙen riguna sukan zauna a kan kujeru a ƙofar babbar majami'ar garin. Kowanne wakilin wata magudanar ban-ruwa ce daga Kogin Turia, manoman da ke sha daga ita suka zaɓe shi. Mai shela zai ɗaga murya ya kira sunan kowace magudana, yana tambaya ko akwai wanda ake ƙara. Idan akwai wanda ya buɗe ruwa ba a ranarsa ba, ko ya bar shi ya malala gonar maƙwabci, zai fito a gaban jama'a ya yi bayani da bakinsa, babu lauya, babu tarin takardu. Wakilin magudanarsa ba ya sa baki a hukuncin. A take ake yankewa, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Sau da yawa ma babu mai ƙara, cikin 'yan mintuna an tashi. Ana danganta asalin wannan kotu da zamanin mulkin Musulmi a Andalus, UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009, shekarar da Elinor Ostrom ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda nuna cewa jama'a na iya tafiyar da dukiyar da suka yi tarayya a kai ba tare da sun cinye ta ba. Ɗaruruwan shekaru na fari da hassada da maƙwabcin da ke satar ruwa da daddare, duk sun bi ta gaban waɗannan kujeru. A ce babu abin rubutawa a nan?

Wanda kuma ya ce shi lallai sai da hayaƙi da jini, ga Cochabamba ta Bolibiya. A 1999 gwamnati ta miƙa ruwan birnin na shekara 40 ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda Bechtel na Amurka ke da hannun jari a ciki. Kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, wata sabuwar doka kuma ta sa manoma da unguwannin da suka haƙa rijiyoyinsu da guminsu suka ga za a iya raba su da su. Ma'aikatan masana'antu da manoma da matan kasuwa da ɗalibai suka haɗe kai suka rufe birnin. A Afrilun 2000 Shugaba Hugo Banzer ya kafa dokar ta-ɓaci, soja ya harbe wani yaro ɗan shekara 17, cikin 'yan kwanaki aka soke kwangilar. Kamfanin ya kai ƙara yana neman diyyar miliyoyin daloli, a 2006 ya janye a kan ɗan kuɗin da bai kai dala guda ba. Bolibiya ce kuma ta gabatar da ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a Yulin 2010, cewa samun ruwa haƙƙi ne na ɗan Adam.

Masu son labari mai daɗin ƙarshe a nan suke tsayawa, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Ruwan ya koma hannun hukumar birnin, ita ma ga bashi, ga bututu masu yoyo, ga zargin cin hanci. Shekaru bayan nasarar, unguwannin talakawa na kudancin Cochabamba, waɗanda 'ya'yansu suka fi kowa shaƙar barkonon tsohuwa a kan titi, ba su ga bututu a ƙofar gida ba. Daga tanka suka ci gaba da saye, da tsadar da ta ninka abin da masu famfo a cikin gari ke biya. Sai suka kafa kwamitocin ruwa na unguwa, aka yi karo-karo, aka haƙa rijiyoyi, aka gina tankuna, maza da mata suka fito ranar hutu suna haƙa ramin bututu da hannunsu, ana taro ana faɗa a kan wanda bai biya ba da wanda ya ci kuɗin gyaran inji, a watse cikin fushi, mako mai zuwa a sake haɗuwa.